Allurar da Ta Ƙi Motsi

A shekarar da aikin Hajji ya faɗo tsakiyar damina, Siddiƙa 'yar Malam Sabiru ce mataimakiyar matuƙi a jirgin da ya kwaso alhazan ƙasar Daura daga Jidda. Ba ita ta nema ba, haka rabon aiki ya faɗo mata. Amma tun jirgin bai tashi ba labari ya riga ya isa gida, domin a cikin alhazan akwai ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Laraba. Tana hango Siddiƙa cikin kayan aiki, da ɗan mayafinta a ƙarƙashin hula, sai ta ari wayar wata Hajiya ta kira Daura, ta ce a shaida wa Malam 'yarsa ce za ta maido su.

Malam Sabiru mai karantar da fiƙihu ne a zaurensa da ke bayan kasuwa. Lokacin da Siddiƙa ta samu gurbin koyon tuƙin jirgi an yi ta maganganu a unguwa, shi kuwa ya yi mata addu'a ya sa ta a mota. Shekarunta kaɗan ne a aikin, kuma ba ta taɓa ɗaukar mutanen garinsu ba sai ranar. Tana tsaye a ƙofar ɗakin tuƙi lokacin da suke shigowa, tana jin harshen gida ta ko'ina: mutanen Mai'adua, na Dutsi, na ƙauyukan da take sanin sunayensu tun tana yarinya. Wasu na riƙe da buta, wasu da darduma a kafaɗa, tsofaffi na neman wanda zai nuna musu kujera.

Babban matuƙin, Kyaftin Hussaini, mutumin Dutsi ne, gemunsa ya fara furfura. Ya daɗe a sama har wasu daga cikin waɗanda ya koyar sun zama kyaftin su ma. Ba shi da yawan magana, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa na ƙasa da shi murya ba. Matasan matuƙa na son tafiya da shi, suna kuma ɗan shakkarsa, domin kafin kowace sauka sai ya sa mataimakinsa ya faɗi yadda za a yi ta tun daga farko har ƙarshe, yana saurare kamar bai taɓa ji ba.

Tafiyar ta yi lafiya har suka shigo sararin Nijeriya da hantsi. A nan ne jami'in hasumiyar filin da za su sauka ya shaida musu cewa tun asuba ake ruwa, gajimare ya sauko ƙasa sosai, ga iska tana kaɗawa. Ya ce ana iya sauka, amma ba za su ga titin jirgin ba sai sun kusa taɓa shi. Na'urar jagoran sauka, in ji shi, tana aiki.

Wannan na'ura ita ce idon matuƙi a irin wannan rana. Tana girke a gefen titin jirgi, tana harba sigina sama a karkace, kamar an shimfiɗa wata gangara wadda ido ba ya gani. Jirgi idan ya kama gangarar sai ya biyo ta sannu a hankali har bakin titi. A gaban matuƙi akwai allura mai nuna masa ko ya yi sama da gangarar ko ya yi ƙasa da ita. Idan tana tsakiya, to yana daidai. In kuma na'urar ta lalace, jar alama ce ke fitowa ta gargaɗe shi kada ya bi ta.

Suka raba aiki yadda aka saba. Kyaftin Hussaini ne zai saukar da jirgin, Siddiƙa kuma ta sa ido a kan agogunan da ke gabansu, ta riƙa magana da hasumiya, ta faɗi duk abin da ta ga ya kauce.

Suna shiga gajimaren duniya ta ɓace. Gilashin gaba ya zama fari fat, ruwa na dukansa kamar ana watsa tsakuwa. Jirgin ya shiga girgiza, yana ɗagawa yana faɗawa. Ta cikin ƙofa Siddiƙa na jiyo alhazai sun ɗauki salati. Hasumiya ta ba su izini, suka juyo suka daidaita da titin. Nan take allurar ta zauna a tsakiya, jirgin ya sunkuyar da kai ya fara gangarowa. Aka saki tayoyi. Babu jar alama, babu ƙarar gargaɗi, komai yana nuna lafiya.

Abin da ya fara damun Siddiƙa shi ne saurin da allurar ta yi wajen zama. A lissafinta da sauran tafiya kafin su iske gangarar. Ta ce a ranta wataƙila iska ce ta turo su. Ta ci gaba da kallo. Wata iska ta ɗaga jirgin, ta sake shi. Allurar ba ta ko girgiza ba. A irin wannan yanayi ta saba ganin allura tana rawa, ta ɗan hau, ta ɗan sauka, jirgi yana bin ta yana gyarawa. Wannan kuwa ta tsaya cak kamar da fenti aka zana ta a jikin gilashi.

Ta duba agogon da ke nuna nisan da ya rage zuwa titin, ta duba mai nuna tsayinsu daga ƙasa, ta haɗa su da abin da taswirar filin ta ce. Ba su dace ba. A wannan nisa ya kamata a ce suna sama da inda suke, kuma ba da kaɗan ba. Ta sake dubawa ko idonta ne ya yi tsalle. Bambancin sai ƙaruwa yake.

Hasumiya ta ce na'ura lafiya take. Jirgin da kansa ya yarda da siginar yana bin ta. Mutumin da ke gefenta ya fara tuƙi tun tana goye, ga shi kuma hankalinsa kwance, idonsa na kan allurar da ke gaya masa komai daidai ne. Idan ta yi magana aka fasa sauka, ya zamana ita ce ta yi kuskuren lissafi, to alhazan garinsu ne za a kai wani gari, kuma kowa ya san wadda ke zaune a kujerar dama. Duk wannan ya gifta mata a lokacin da bai fi na jan numfashi ba.

Ta ce, "Kyaftin, tsayinmu bai dace da nisanmu ba. Mun yi ƙasa da yawa."

Ya kai ido kan allurar, ya ce tana tsakiya.

"Tun da ta zauna ba ta motsa ba. Ƙarya take yi mana. Mu tashi."

Bai tambaye ta ko ta tabbata ba, bai kuma tsaya yin nasa lissafin ba. Ya ce, "Mun fasa," ya tura wa injuna wuta gaba ɗaya, ya ɗaga kan jirgin. Ƙara ta cika ɗakin, nauyi ya danna su cikin kujeru. Hannun Siddiƙa ya shiga aikinsa da kansa: ta gyara fukafukai, ta ɗauke tayoyi da ya ba da umarni, ta shaida wa hasumiya sun fasa sauka.

A daidai lokacin da jirgin ya daina faɗawa ya fara hawa, gajimaren ya ɗan yage ta gefenta. Ta ga gonakin gero kore shar, kusa ƙwarai, har tana iya rarrabe kunya-kunya. Ta ga wani tsauni baƙi, ruwa na kwarara a jikinsa, a kansa kuma dogon ƙarfen sabis ɗin waya da jar fitilarsa tana ƙiftawa. Ba a ƙasa ta hango fitilar ba, kusan a saitin tagarta take. Titin jirgi kuwa babu ko alamarsa. Sai farin ya sake rufewa.

Suka fito saman gajimare, rana ta haske ɗakin. Kyaftin Hussaini ya tambayi Siddiƙa abin da ta gani, ta gaya masa. Ya yi hamdala a hankali, sannan ya karɓi rediyo da kansa.

Jami'in hasumiyar ya ce a gabansa fitilar na'urar koriya ce, babu wata matsala da take nunawa. Kyaftin ya amsa masa cikin ladabi cewa bai musa abin da ke gabansa ba, amma siginar da ke fitowa ba ta gaskiya ba ce, tana nuna wa jirgi yana daidai ko a ina yake. Ya san akwai wani jirgin fasinja da ke biye da su, don ya ji muryar matuƙinsa a rediyo, saboda haka ya roƙa kada a bar shi ya bi na'urar sai an bincika. Aka ɗan ja lokaci. Can jami'in ya dawo ya ce an dakatar da amfani da ita, an kuma tsayar da wancan jirgin a sama.

Ba tare da na'urar ba, babu hanyar sauka a cikin wannan gajimare, man da ya rage kuma ba na dogon jira ba ne. Suka juya zuwa wani filin da ke kudu, inda sama take a buɗe. Kyaftin ya yi wa alhazai magana da Hausa, ya ce yanayi da wata na'ura ta ƙasa ba su ba da damar sauka lafiya ba, ya ba su haƙuri, ya ce kowa zai isa gida da yardar Allah. Bai faɗi tsauni ba, bai faɗi ƙarfen sabis ba.

Alhazan ba su ji daɗi ba, kuma ba za a ga laifinsu ba. Mutanen da suka yi fiye da wata ba su ga iyalinsu ba, ga gajiya, ga tari da kusan kowa ya kwaso. Sun yini a wani filin da ba nasu ba, aka nemo motoci da ƙyar, ba su shiga Daura ba sai washegari. 'Yan tarba kuwa, waɗanda suka yi ayari tun daga Mai'adua da Dutsi cikin motocin haya da babura, sun sha ruwa a filin farko, sun ji ƙarar jirgi ta wuce ta kansu, suka koma gida babu kowa.

Bayan kwanaki Siddiƙa ta samu hutu ta zo gida, ta tarar magana ta riga ta. Wanda ya fi yaɗa ta shi ne Alhaji Ɗantsoho, wani babban dillalin shanu na Mai'adua da ke cikin alhazan jirgin, mai murya kamar ganga. A kara inda ake cinikin shanu, a majalisa, a gidajen da yake kai tsaraba, labarinsa ɗaya ne: da kunnensa ya ji tayoyi sun fito, saura ƙiris a taɓa ƙasa, sai yarinyar nan ta gidan Malam ta firgita da tsawa, ta ruɗa dattijon da ke tuƙi. Ba da mugunta yake faɗa ba, har yakan ƙara da cewa ai ba laifinta ba ne, laifin wanda ya ba mace irin wannan aiki ne. Gwaggo Laraba ta yi cacar baki da maƙwabta har muryarta ta dushe, amma ita ma ba ta san abin da ya faru ba, iyakarta dai ta ce 'yar ɗan'uwanta ba matsoraciya ba ce.

Abin ya ci wa Siddiƙa rai. Ta fita sayen abu a kasuwa ta ji ana nuna ta da baki. Ga shi an umarci matuƙan kada su yi magana a waje sai masu bincike sun gama. Da Malam Sabiru ya kira ta bayan sallar La'asar ya tambaye ta, sai ta ce masa an ɗaure bakinta, amma ba ta yi abin kunya ba. Ya dube ta, ya ce wannan ya ishe shi, ya koma kan littafinsa.

Ranar wata Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidan. Kyaftin Hussaini ne, cikin farar shadda da hula, ba wanda zai ce matuƙin jirgi ne. Ya je Dutsi ganin gida, maganar ta iske shi a can, shi ne ya biyo. Ya kuwa yi sa'a, domin Alhaji Ɗantsoho na zaune a zauren tare da wasu dattawa, ya kawo wa Malam dabino da zamzam. Bayan an gaisa, baƙon ya faɗi ko shi wane ne, ya nemi a kira Siddiƙa. Ta shigo ta durƙusa daga gefen ƙofa.

Ya ce masu bincike sun gama, yanzu ana iya magana. Tsawar da aka yi kafin asubar ranar ce ta faɗa kusa da na'urar, ta ƙona wani sashe nata, ta kuma ƙona abin da ya kamata ya kashe ta idan ta lalace. Sai ta ci gaba da aika sigina mai cewa komai daidai ne, hasumiya na ganin koriyar fitila, jirgi na ganin allura a tsakiya. Ya kwatanta musu da ɗan jagoran da ya makance bai sani ba, yana ta cewa a biyo shi. Sannan ya gaya musu inda jirgin yake lokacin da suka tashi, da abin da ke gabansu. Wani dattijo ya san tsaunin, ya ce yana da nisa da filin jirgin, ya taɓa sayen awaki a ƙauyen da ke gindinsa.

Alhaji Ɗantsoho ya gyara zama, ya ce to ai shi Kyaftin da ya daɗe a aikin, dole ya riga ya lura.

Kyaftin Hussaini ya ce, "Ban lura ba, Alhaji. Idona na kan allura, allura kuma ta ce mini lafiya. Ita ce ta ƙi yarda da ita. Da ta yi shiru don kunyata, ko don tsoron abin da za ku ce, da yanzu zaman makoki ake yi a gidajenmu duka."

Ɗantsoho ya daɗe yana murza carbinsa. Can ya tambaya, da a ce yarinyar kuskure ta yi fa, na'urar lafiyarta ƙalau?

"Da na tashi duk da haka, kuma da na gode mata. Wanda ke gefenka in ya ce akwai rami, ka fara tsayawa tukuna, a yi gardamar daga baya."

Siddiƙa na sunkuye tana jin su. A ranta ba maganar tata take juyawa ba. Tana tuna yadda hannunsa ya tura injunan nan ba tare da ya nemi hujja ba, alhali duk abin da ke gabansa yana ƙaryata ta. Ta yi tafiya da matuƙan da za su ce a bari su duba tukuna, kuma ta san abin da wannan ɗan jinkirin zai jawo a ranar. Ta so ta faɗi haka a zauren, ta ɗago kai ta ce ai Kyaftin ne ya tashi da jirgin. Ya ɗaga mata hannu, ya ce kowa ya yi nasa.

Malam Sabiru bai yi dogon jawabi ba. Ya yi addu'a ga baƙon, da alhazai, da mutanen jirgin da ke bayansu waɗanda ba su ma san abin da aka kawar musu ba. Da ya zo kan 'yarsa ya tsaya ya sha ruwa, sannan ya ƙarasa. Alhaji Ɗantsoho ya juyo wajen Siddiƙa, ya kira ta 'yata, ya ce bakinsa ya yi gaba da saninsa, ta yafe masa. Ta ce babu komai, Baba.

Kyaftin ya ci tuwon da aka kawo, ya yi sallar Azahar a masallacin unguwa, ya kama hanyar Dutsi. Washegari ranar kasuwar Mai'adua ce, kuma kafin la'asar labarin ya canza a kara. Mai ba da shi dai Ɗantsoho ne, da muryar nan tasa, sai dai yanzu tsaunin ya ƙara tsawo, ƙarfen sabis ɗin har ya kusa gogar fiffike, shi kuma wai tun a sama jikinsa ya ba shi akwai abin da yarinyar ta gani. Gwaggo Laraba da aka kawo mata wannan sigar ta yi dariya har da hawaye, ta ce a bar shi ya faɗa, ai ya fi na farkon.

Hutun Siddiƙa ya ƙare a farkon mako. Akwai sauran alhazai a Jidda da ke jiran a kwaso su, damina kuma ba ta wuce ba. Ta yi sallama da gida da sassafe, ƙaninta Auta ya ɗauke ta a babur zuwa tasha, ta shiga motar Kano.